HBO: tashar da ta fara da gidaje 365, me ya riƙe ta har yau?

Baban Zainab:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da daddare na tarar da babban ɗana yana kallon wani shiri a waya. Kafin a fara sai ga haruffan nan uku, HBO, tare da wannan ƙarar shuuu irin ta talabijin idan ta rasa tasha. Na tambaye shi ko ya san mece ce HBO, ya ce kamfanin fim ne. Na ce masa tasha ce, kuma ta girme shi nesa ba kusa ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shi nan.

Ranar 8 ga Nuwamba 1972 ta fara aiki, a wani ƙaramin gari da ake kira Wilkes-Barre a jihar Pennsylvania ta Amurka. Gidaje 365 kacal suka kalle ta a daren. Fim ɗaya aka sa musu, sai wasan hoki na kan ƙanƙara. Wanda ya kawo shawarar shi ne Charles Dolan, mai kamfanin kebul a birnin New York, kamfanin Time masu mujalla kuma suka zuba kuɗi. Cikakken sunan shi ne Home Box Office, ma'ana tagar sayar da tikitin silima ta dawo cikin gidanka. Ka biya kuɗin wata, a ba ka fim ba yanka, ba talla ko ɗaya.

Ni a ganina wannan rashin tallar shi ne sirrin komai. Wanda ya biya shi ne mai gida. Tashar da ke rayuwa da talla, mai sabulu da mai lemo take farantawa. Ita kuwa HBO mai kallo take farantawa, don ranar da ya gaji zai daina biya. Me kuka gani?

Usta Mai Dish:
Wa alaikumus salam Baba. Ka taɓo inda nake ci. Amma kafin a je ga talla a fara gane mene ne shi kebul ɗin, don a nan mutanenmu duk abin da ake biya a kalla sai su ce kebul, alhali yawancin namu ta dish yake zuwa. Asalin kebul waya ce da gaske. A ƙarshen shekarun 1940 garuruwan da ke cikin duwatsu a Amurka ba sa kama talabijin, dutse ya tare sigina. Sai wani ya kafa doguwar eriya a kan tsauni, ya ja waya ya sauko da ita gari, gida-gida, yana karɓar kuɗi. Ba sabon shiri ake sayarwa ba, hoto mai kyau kawai. HBO ce ta zo ta ce tunda waya ta riga ta shiga gida, a zuba mata abin da babu shi a tashoshin kyauta.

Kuma ta sha wuya a farko. Da hasumiyoyin sigina take tura shiri, wannan ta miƙa wa wancan, kowace sai tana hangen 'yar'uwarta. Ƙasa kamar Amurka, hasumiya nawa za ka kafa? Shi ya sa shekara ukun farko tana maƙale a yankin arewa maso gabas.

Ɗan Damagaram:
To Usta me ya fitar da ita daga nan?

Usta Mai Dish:
Muhammad Ali.

Baban Zainab:
Allah ya yi maka albarka Usta, bar mini wannan ni zan faɗa. Ranar 30 ga Satumba 1975 a agogon Amurka, a Manila kuwa gari ya riga ya waye 1 ga Oktoba, Ali ya kara da Joe Frazier karo na uku. Gerald Levin, wanda ke shugabantar HBO a lokacin, ya riga ya shawo kan kamfanin Time su kama hayar gurbi a tauraron ɗan'adam. Da wannan damben aka buɗe. Masu kebul a Fort Pierce da Vero Beach a jihar Florida, da Jackson a Mississippi, suka ga damben kai tsaye daga ƙasar Filifin suna zaune a falonsu. Turmi goma sha huɗu aka yi ana bugun juna cikin zafi, idon Frazier ya kumbura har ba ya gani sosai, mai horar da shi Eddie Futch ya hana shi tashi turmi na 15.

Mu a nan labarin muka sha a bakin yayyenmu masu rediyo, sai daga baya muka ga kaset. Amma a can wannan daren ne masu kamfanonin kebul suka gane cewa duk inda kake, in dai ka kafa dish, za ka iya sayar wa mutanenka abin da ke faruwa a ƙarshen duniya.

Usta Mai Dish:
Kuma Baba dish ɗin lokacin ba irin wanda nake ɗaurawa a kan katanga da kusa huɗu ba ne. Faɗinsa ya kai mita goma, sai an zuba masa kankare. Kamfanin kebul na gari ne ke sayensa, ya kamo sigina daga sama, sannan ya raba ta waya. Da HBO ta buɗe wannan ƙofa kowa ya bi. Ted Turner ya ɗora tasharsa ta Atlanta a tauraron a Disambar 1976, ESPN ta zo 1979, CNN 1980, MTV 1981. Duk a kan hanyar da ta share suka taka.

Kawu Na Bronx:
Sannunku. Ina ƙara wani abu da ba a cika faɗa ba. Manyan tashoshin kyauta da masu gidajen silima ba su zauna suna kallo ba. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana da dokoki da suka taƙaita irin fina-finai da wasannin da tashar biya za ta iya nunawa. HBO ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokokin a 1977. Ba don wannan hukuncin ba, da tauraron ma bai amfane ta ba, don me za ta ɗora a kai?

Amma Baban Zainab, ban yarda da kai duka ba a kan cewa mai kallo ne mai gida. Na yi shekaru ina biyan kebul a nan. Ba ka isa ka sayi HBO ita kaɗai ba a wancan lokacin. Sai ka fara biyan babban ƙunshi mai tashoshi sama da ɗari da ba ka kallo, sannan a ɗora maka kuɗinta a kai. Kuɗin kuma kamfanin kebul kake ba, su raba da ita. Na taɓa kiran kamfanin da nake hulɗa da shi in rage ƙunshi, aka yi ta jefa ni daga wannan ma'aikaci zuwa wancan kusan awa guda. To wa ye mai gida a nan?

Baban Zainab:
Kawu maganarka gaskiya ce ta fuskar aljihu. Ni ta fuskar abin da ake nunawa nake magana. Ba wani mai talla da zai bugo waya ya ce a cire wannan fitowar don za ta ɓata wa hajarsa suna.

Maman Haidar:
To ai nan ne ni nake da magana, kuma ku yi haƙuri in na katse muku daɗin tarihi. Wannan 'yancin da kuke yabo, mu iyaye mata mu muka san kuɗinsa. Tunda ba mai talla da zai tsawata, kuma dokar hana batsa ta FCC tashoshin kyauta take kamawa ban da na biya, sai suka mai da tsiraici da ashar kamar gishirin miya. Na taɓa karɓar wayar ƙanina ɗan aji biyar na sakandare in kira mahaifiyarmu, allon na buɗewa abin da na gani sai da na ajiye wayar a kan tabarma na yi salati. Ya ce wallahi Yaya labarin sarauta ne da yaƙi. Na ce to sarautar ce sai an tuɓe? A can wanda ya biya ya san abin da ya saya, akwai lambar kulle ta yara, akwai gargaɗi kafin a fara. A nan yaro zai ba da naira ɗari biyu a cika masa waya, ba gargaɗi ba komai.

Mai Shagon Tura Fim:
Hajiya ba zan musa miki ba, don ni ne a bakin abin. Lokacin da Game of Thrones ke tashe, ranar Litinin tun kafin azahar layi ya kai bakin ƙofa. A can ranar Lahadi ƙarfe tara na dare suke sakewa, mu nan ƙarfe biyun dare ke nan. Masu DStv suna ganinsa a M-Net a daidai lokacin, sauran jama'a kuwa sai wajenmu. Ni dai na sa wa kaina doka, yaron da na ga bai kai ba ba na tura masa, kuma akwai masu yanke wuraren banza kafin su ba mutane. Amma ba kowane shago ke yi ba, wannan gaskiya ce.

Abin da na lura da shi kuma, ba don tsiraicin mutane ke dawowa ba. Wanda wannan yake nema ya san inda zai samu. Labarin ne ke riƙe su. Dattijo mai furfura ya taɓa zama a bencin shagona yana yi mini bayanin gidajen sarautar cikin shirin ɗaya bayan ɗaya, wa ya ci amanar wa, kamar yana ba da tarihin masarautar garinsu.

Maman Haidar:
To in labarin ne ke riƙe mutane, ka ga ke nan da sun cire ƙazantar ba abin da zai ragu.

Ɗalibar Jarida:
Anti ina bayanki a wannan. Ko a can an yi ta sukarsu a kai, har da 'yan wasan da suka fito a ciki. Amma ina so in koma kan tambayar Baba, don akwai gaɓar da aka tsallake. HBO ba da shirya fim ta fara ba, haya take yi daga kamfanonin Hollywood. Abin da take taƙama da shi shi ne za ka ga fim a gida kafin ya iso tashar kyauta. Sai bidiyo ya shigo a shekarun 1980, shagunan hayar kaset suka cika ko'ina. Mutum zai ɗauko fim ɗin da yake so, ranar da yake so, tun kafin ya zo HBO. Ga kuma Showtime da ta fito tun 1976 tana sayar da irin hajar. Da ta tsaya a nan da tuni an manta da ita.

Shi ne ta fara yin nata. Fim ɗinta na farko ya fito 1983, a kan Terry Fox, matashin Kanada da aka yanke wa ƙafa saboda ciwon daji ya kama gudu don tara kuɗin bincike. Amma babban juyin sai ƙarshen shekarun 1990. Oz a 1997, labarin gidan yari, wanda Adewale Akinnuoye-Agbaje ɗan asalin Najeriya ya fito a ciki. Sai The Sopranos a Janairun 1999, kashi 86 har zuwa 2007. Sai The Wire daga 2002 zuwa 2008 a kan birnin Baltimore.

Ku duba The Wire ɗin nan da kyau, don ita ce hujjar Baba. Lokacin da ake nuna ta ba ta da masu kallo da yawa. A tashar talla da an kashe ta tun zangon farko, don a can kowane dare ana ƙirga kawuna a sayar wa masu talla. HBO ta bar ta ta yi zango biyar. Zango ɗaya tashar jiragen ruwa, wani siyasar birni, wani makarantun gwamnati, na ƙarshe gidan jarida. Lissafinsu daban ne. Ba sa tambayar mutum nawa suka kalla daren jiya, tambayarsu ita ce ko akwai abin da zai hana mutum yanke biyansa a ƙarshen wata. In kai dambe ya riƙe ka, matarka wani shiri, maƙwabcinka wani daban, duk kun biya.

Baban Zainab:
'Yata kin faɗi abin da na kasa tsarawa. Allah ya ƙara basira.

Ɗan Damagaram:
Ni tambayata ga Usta. Tunda daga sama siginar ke saukowa, me ya hana mutum ya kafa parabol ɗinsa ya kama kyauta? Mu nan da an ji tasha a buɗe take, kafin la'asar kowa ya juya nasa.

Usta Mai Dish:
Haka aka yi kuwa, ɗan'uwa. Mutanen karkara a Amurka suka riƙa sayen manyan dish suna kafawa a bayan gida, suna kallon HBO ba ko sisi. Kusan shekara goma siginar a buɗe take. Sai a Janairun 1986 ta kulle, in ba ka sayi dikoda ka biya kuɗin wata ba sai dai ka ga hoto a hautsine. Kasuwar masu sayar da dish ta faɗi warwas.

A nan ne wani abokin sana'ata, in ce haka, ya yi abin da har yau ake ba da labari. John MacDougall, mai sayar da dish a garin Ocala na Florida, yana kuma aikin dare a wata cibiyar tura sigina sama. Daren 27 ga Afrilu 1986 ana tsakiyar fim, ya juya na'urar wurin aikinsa ya saita tauraron da HBO ke kai, ya danne siginarta da tasa. Masu kallo suka ga rubutu a allo na kusan minti huɗu da rabi, yana ƙorafi a kan dala 12.95 da aka yanka a wata, ya sa wa kansa suna Captain Midnight. An gano shi, aka ci shi tarar dala 5,000. Ban ce ya yi daidai ba. Amma na san zafin ka cika shago da kaya, dare ɗaya a yanke hukunci a wani ofis mai nisa, kayan su koma ƙarfen banza. Ya taɓa faruwa da ni da wasu dikodoji guda arba'in da na saro, aka sauya tsarin kulle tashoshin da ake sayensu dominsu, har yau wasu na nan a ƙarƙashin kanta.

Kawu Na Bronx:
Allah ya mayar da alheri Usta. Yanzu kuma abin da ta yi wa masu dish, intanet ya yi wa kebul. Matasa a nan ba sa ja wa gidansu waya ma sam. A 2015 ta fito da HBO Now, ka biya kai tsaye ta intanet ba sai kana da kebul ba, abin da na yi shekaru ina fata. Amma daga nan sai ta shiga hannun 'yan kasuwa. Kamfanin waya na AT&T ya sayi uwar kamfanin, Time Warner, a 2018 kan dala biliyan 85. Suka ce shirye-shiryen sun yi kaɗan, a ƙara yawa don a kamo Netflix. Richard Plepler da ya daɗe yana jan tashar ya ajiye aiki a 2019. A Mayun 2020 aka buɗe HBO Max, manhajar kallo ta intanet. A 2022 aka haɗe da kamfanin talabijin na Discovery. A 2023 suka cire HBO daga sunan manhajar, ta koma Max kawai. A Yulin 2025 kuma suka dawo da shi.

Ɗalibar Jarida:
Dawo da sunan nan Kawu shi ya fi komai ba ni sha'awa. Sun zuba shirye-shiryen girki da na gyaran gida da na kowa da kowa, suna ganin yawa shi ne kasuwa, sai suka tarar haruffa ukun nan su ne abin da mutane suka yarda da shi. Game of Thrones kaɗai kashi 73 ta yi daga 2011 zuwa 2019, ta ci kyautar Emmy, wato lambar yabon shirye-shiryen talabijin, har guda 59, zangon ƙarshe kowane kashi ya ci kusan dala miliyan 15. Ba a yin irin wannan da gaggawa.

Ɗan Damagaram:
To mu fa? Ga Arewa24 tun 2014, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in har nan Damagaram ana bin su. Za a iya samun tashar Hausa da za ta rayu da kuɗin masu kallo zalla?

Mai Shagon Tura Fim:
Da wuya yanzu. Arewa24 a buɗe take, talla ke riƙe da ita, shi ya sa ta shiga kowane gida. Ranar da aka ce sai an biya, rabin mutane wajenmu za su dawo. Mutumin da ke lissafin kuɗin fetur na janareta kafin ya kunna talabijin, ka ce ya ƙara kuɗin wata?

Ɗalibar Jarida:
Amma ai muna biya Yaya, ba mu lura ba ne. Kuɗin data da ake ƙonawa a kan shiri mai dogon zango a YouTube, da ɗari biyun da ake ba ka, duk biya ne. Matsalar ita ce kaɗan ne ke isa hannun wanda ya rubuta labarin da wanda ya ɗauka. Shi ya sa za ka ga an ja shiri kashi kan kashi ba don labarin na buƙata ba, sai don kowane kashi akwai tallar da zai ɗauka.

Maman Haidar:
Ni in za a yi tashar da zan bar yara a gabanta in shiga kicin hankalina kwance, labarin kuma mai ma'ana, wallahi zan biya. Mata da yawa za su biya, ko da adashe ne. Ku daina cewa ba za mu biya ba, ba a taɓa kawo mana abin a tambaye mu ba.

Baban Zainab:
Hajiya na ji wannan, kuma na karɓi gyaranki na farko ma. Zan zauna da yaron nan in ga me yake kallo.

Abu ɗaya da ya rage mini a zuciya shi ne damben. Tun Janairun 1973 suka fara, da karawar George Foreman da Frazier a Kingston ta Jamaika. A tasharsu aka ga Buster Douglas ya kayar da Mike Tyson a Tokyo a 1990. A tasharsu ne aka ga namu Samuel Peter ɗan Najeriya ya kai Wladimir Klitschko ƙasa har sau uku a 2005, duk da haka aka ba Klitschko da maki. A Disambar 2018 suka rufe sashen gaba ɗaya bayan shekara 45, suka ce bincikensu ya nuna dambe ba ya cikin abin da ke sa mutane biya yanzu. Kawu, a can da aka rufe an yi wani motsi kuwa?

Kawu Na Bronx:
Masu shekaru irin namu sun ji zafi. Akwai shagon aski a layinmu, mai shi dattijo ne baƙar fata ɗan nan, hoton Ali da Frazier na manne a saman madubinsa har ya koɗe. Ranar da aka sanar, ina kan kujera ya tsaya da aski rabi yana ba mu labarin yadda suke haɗa kuɗi a taru a gidan mutum ɗaya mai HBO duk daren Asabar ɗin da ake dambe, kowa ya zo da abincinsa. Yaran da ke jiran layi kuwa kansu na kan waya. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago ya tambaye shi wane ne Frazier, sai ya ajiye almakashi ya ciro hoton daga bango ya miƙa masa.

Usta Mai Dish:
Baba in kana son ganin na Manila ɗin cikakke, turmi goma sha huɗun, ina da shi. Ka aiko yaron shago gobe bayan la'asar da memori, ku kalla tare.